Motar Kawu Mai Jan Hagu

Kakuri, Kaduna
4 ga Agusta, 2024

Zuwa ga taubashiyata Hephzibah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, da aikin asibiti. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu sakat. Yau bayan sujada na shiga Sabon Tasha na duba Kawu Wilfred. Mahaifinki yana nan yadda kika bar shi. Ɓarin hagu da ya shanye bai dawo ba, magana ba ta fita, amma hannun dama da ƙarfinsa, da shi yake cin tuwonsa. Ƙanwarsa Mama Tagwai tana ƙoƙari da shi ƙwarai, ta ce in gaishe ki.

Kwalin da kika ba direba ya iso. Na zaɓi in amsa miki a rubuce, domin a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana.

Na buɗe na ga sabon inji, da batir na zamani, da rimot mai kama da bindiga, sai 'yar takardarki: “Ka zuba wa motar Baba waɗannan ta yi gudu, ban da dogon bincike.” Hephzibah, raina ya ɓaci. Na maimaita karantawa ko ni ne ban fahimce ki ba, na ga na fahimta sarai. Kin ɗauki 'yar motar nan mai rimot kamar irin ta roba da ake zubawa a tire a bakin kasuwa.

Kin fi ni sanin tarihinta. Kawu ya zo da ita daga Japan lokacin da masaƙa ta tura shi kwas. Ni a Kafanchan na tashi, sau ɗaya na taɓa ganinta tana tafiya, wata Kirsimeti, daga nesa, don ku 'yan birni ba ku bari mu matso ba. Amma ni ne nake ganinsa duk Lahadi yana ɗaga hannu yana nuna saman kabad inda kwalinta yake. Mutumin da ba ya iya kiran sunan kowa, wannan abu ɗaya yake roƙo. Motarsa yake so, ba wata mota mai sanye da rigar tasa ba.

Ga dalilaina. Injin da kika aiko ba zai zauna ba sai na yanke gindin motar, abin da aka yanke kuwa ba ya komawa. Ko ya zauna, haƙoran giyarta tsohuwar roba ce, ƙarfin injin zai aske su tun a tashin farko. Rimot ɗinki kuma hannu biyu yake bukata, ɗaya ya ja kunama ɗaya ya murɗa. Kawu hannu ɗaya gare shi, kuma tsohon rimot ya sani, mai sanduna biyu da doguwar eriya.

Na kwance ta gaba ɗaya. Kowane ɓangare na sa shi a gwangwanin madara nasa, na liƙa takarda da sunansa. Tsohon batir ya zubo da farin gari ya cinye wayoyi, zan sake su. Giris ya daskare kamar sabulu, na wanke da buroshin haƙori. Tayoyi sun tsage, na shafa musu gam daga ciki. Ɗan ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayar gaba ta hagu ya lanƙwashe, zan yi mata miƙaƙƙe da wayar tayar keke. Ɗan makunnin daidaita sitiyari da ke jikin rimot ya karye tun da can, wannan ba ni da madadinsa. Injinta na asali yana da rai, na gwada shi ya yi kuka.

Aikin nan da yamma nake yin sa, bayan na sallami masu fanka da rediyo. Mai yiwuwa ina da nawa wajen aiki, an sha faɗa mini. Amma za ta tashi kafin bikin cikarsa shekara tamanin a Oktoba, in Allah ya yarda.

Kayanki suna nan a kwalinsu, ban taɓa ba.

Naki,
Ɗanladi

*

Fatakwal
13 ga Agusta, 2024

Malam Mai Gwangwani,

Na gode da gaisuwa. Muna lafiya, sai ƙaramin da ya yi mura ya warke. Ka gaida matarka, ka ce ina taya ta haƙuri da kai.

Wasiƙarka ta same ni na fito daga aiki ƙafafuna sun kumbura. Gaskiya zan faɗa maka, na karanta har inda ka fara lissafin giris da buroshin haƙori, na ninke. Ni ba zan rubuta jarrabawa a kan motar ba. Kuma zancen ba mu bari ka matso ba, ai ranar hannunka duk man ja ne, har yau Mama Tagwai tana ba da labarin.

Yaya Ɗanladi, ni ma'aikaciyar jinya ce. Na san abin da nake gani a fuskar Baba in an nuna mini shi a waya. Kai kana maganar Oktoba kamar an ba ka takardar tabbaci. Irin ciwon nan ba ya sallama in zai dawo. Na zaga kasuwa a ranar hutuna guda na samo kayan nan, mai shagon ya rantse mini su ake yayi, kai kuma ka zauna kana yi mini wa'azi a kan tsohuwar roba. Ubana ne. Ba na bukatar a koya mini abin da yake so.

To, na ji maganar rimot, wannan kam kana da gaskiya, ban yi tunanin hannun ba. Ka bar tsohon. Sauran kuma ka yi yadda ka ga dama, amma ka yi sauri. Duk abin da ya ruɓe ko ya karye ka tattara ka zubar, kada ka mayar mini da tarkace gidan Baba, ɗakin ya riga ya cika. In wata ya ƙare ba ta tashi ba, zan sa a karɓo ta a kai wa masu gyaran waya a Makera. Su ba sa liƙa wa noti suna.

Ƙanwarka,
Hephzibah

*

Kakuri, Kaduna
2 ga Satumba, 2024

Hephzibah,

Ina gaishe ki, ina fata mai mura ya ƙara samun sauƙi. Mu muna nan. Lafiyar Kawu kuwa ita ce dalilin wasiƙar nan, ki daure ki karanta ta har ƙarshe ko da sau ɗaya a rayuwarki.

Da farko, maganar masu gyaran waya ta yi mini ciwo. Mota mai shekara kusan arba'in za ki miƙa wa wanda zai ɓalle ta da wuƙa. Na rubuta miki amsa mai zafi a littafina na kullum, na bar ta can, don in na aiko ba za mu ƙara gaisawa ba.

Motar ta tashi tun tsakiyar makon jiya. Na gwada ta a barandar tsohon sito da ke kusa da shagona, inda simintin yake da santsi. Na ja layi da alli, na ɗora ta a kai, na ba ta wuta ba tare da na taɓa sitiyari ba. Ta bi layin nan kamar an ɗaura mata zare. Masu Keke Napep suka tsaya kallo, wani ya ce in faɗi kuɗinta. Ban taɓa yin aikin da na gamsu da shi kamar wannan ba, shi ya sa abin da ya biyo baya ya ɗaure mini kai.

Jiya bayan sujada na kai ta. Muka fito da Kawu tsakar gida a kujerarsa. Da ya gan ta, Hephzibah, fuskarsa ta buɗe. Ya shafa bayanta, ya juya tayar da yatsa, ya sa hanci ya shinshina. Mama Tagwai ta ce, “Yaya, ka ga amaryarka ta dawo.” Ya yi irin dariyar nan tasa ta gefe ɗaya.

Na ɗora masa rimot a cinya, na zaro eriya. Na ce, “Kawu, ni zan riƙe sandar hagu in ba da wuta, kai ka riƙe sitiyari.” Ya gyaɗa kai. Na lura tun kafin motar ta motsa ya sa babban yatsa ya ɗan tura sandar zuwa dama, ya riƙe ta a nan. Na ce, “Kawu, saki tukuna, bari ta tashi.” Bai saki ba. Na ba da wuta a hankali. Motar ta kwashe dama ta faɗa lambatu.

Na ciro ta na goge, muka sake. Haka. Yatsan ya koma dama, motar ta je ta daki bango. Na uku ma haka. Na kama yatsan da kaina na mayar tsakiya, ina cewa, “Nan, Kawu, nan za ka tsaya.” Ya fizge. Sai ya ɗaga hannun ya kawo shi kusa da fuskarsa, ya daɗe yana kallonsa, gaba da baya. Daga nan ya ture rimot ɗin ya faɗi ƙasa, ya cusa hannun cikin zanen da aka rufa masa. Mama Tagwai ta ce, “Ɗanladi, kwashe abin nan ka tafi, ka ga ka tayar masa da hankali.” Da ta kawo abinci bai fito da hannun ba.

Na dawo shago na sake bin komai. Rimot lafiya, wayoyi lafiya, a hannuna tana bin layin alli yadda ta bi da farko. Ba na son in faɗa, amma ina tsoron ciwon ya fara taɓa hannun dama, yatsan yana zamewa bai sani ba. Ke ce kika san wannan fanni. Ko kuma akwai abin da na yi ba daidai ba wanda idona bai gani ba. Na duba, na sake dubawa, ban same shi ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki ce nawata ce ta jawo. Na gama kafin wa'adin da kika yanka mini.

Ɗanladi

*

Fatakwal
11 ga Satumba, 2024

Yaya Ɗanladi,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau in ban da rashin barci, kuma ka san dalili.

Wasiƙarka sai yau ta shigo hannuna. Motar direban ta lalace a Lokoja, ya bar kayan mutane a can ya tafi neman gyara. Ni abin da na sani kawai shi ne abin da Mama Tagwai ta faɗa mini tana kuka, wai ka zo da mota ka tafi, Baba ya daina ci da hannunsa, sai an ɗura masa kunu da cokali, shi ma rabi yake karɓa. Na sa aka kai shi asibiti, aka duba, aka ce babu sabon ciwo, hannun lafiyarsa lau. Shi ya sa na aiko maka da saƙon muryar nan na ce kada ka ƙara taka gidan. Na san ka ji shi, tunda daga ranar ka daina ɗaukar wayata. Yau na kira har na gaji. Saboda haka na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in tura wa matarka, ta tsaya a kanka sai ka karanta.

Wannan karon na karanta taka har ƙarshe. Da na zo inda ka ce ta bi layin alli ba ka taɓa sitiyari ba, sai da na zauna.

Wa ya ce ka miƙe ta?

Motar Baba ba ta taɓa tafiya miƙe ba. Hagu take ja, tun ranar farko. Ranar da ya fito da ita a kwatas ɗin ma'aikata a Kakuri, jama'a sun taru, ya ba ta wuta ta je ta daki ƙafar tankin ruwa. Ya sha ba mu labarin yana dariya. Tun daga nan take jan hagu, shi kuma ya hana kowa taɓa ta, ya ce babu mai kayanta a ƙasar nan. Sai ya koya wa yatsansa. Yana ɗan tura sandar dama ya riƙe, ita tana ja hagu, su haɗu a tsakiya ta tafi sak. Shi ya sa bai taɓa ba wani yaro sitiyari ba, in ka karɓa sai ta yi ta zagaye da kai. Ni sandar hagu yake ba ni, ina zaune a cinyarsa ina ba da wuta. Duk Kirsimeti, duk Ista, har na shiga makarantar jinya.

Yatsan Baba bai zame ba. Inda ya saba zama ya je ya zauna. Cikin duk abin da ciwon nan ya ƙwace masa, wannan ne bai taɓa ba, kai kuma ka kama yatsan kana ce masa nan za ka tsaya. Yanzu yana can yana zaton hannun da ya rage masa ma ya tafi. Kai da ka ce motarsa yake so ba wata mai sanye da rigar tasa ba. Kai da ka yi mini wa'azi shafi biyu. Ka tashi ka gyara abin da ba a ce ka gyara ba, ko tambaya ba ka yi ba.

Na san me za ka ce, ka rubuta mini a wasiƙar farko. Na ɗauko ta na gani, yana nan tsakanin gam da makunni. Wa zai binne magana irin wannan a ƙarƙashin giris?

Abin da ya fi ci mini rai, na ce ka zubar da tarkacen. In ka lanƙwasa sabon da hannu ba zai zo daidai da na da ba, yatsan Baba kuwa awonsa ɗaya ne. Ka gwada duk da haka. Ka je gidan, na janye maganata. Don Allah ka je gobe.

Hephzibah

*

Kakuri, Kaduna
13 ga Satumba, 2024

Taubashiyata,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Matata ta cika umarninki, ta tsaya a kaina da wayarta har na kai ƙarshe, ta kuma ƙara da nata.

Kafin komai, akwai abin da ba zan haɗiye ba. Kin yi zaton na zubar? Ni? Shekara nawa kina kirana Mai Gwangwani, amma kika zauna a Fatakwal kina kukan ƙarfen da ke kan kanta a shagona, cikin gwangwaninsa, da sunansa a jiki. Ban miƙe shi ba, ban kwance kawunansa ba, yadda na cire shi haka yake. Da na bi maganarki, da yanzu yana bola. Da an kai Makera, da ko gindin motar ba a samu ba. Ki riƙe wannan.

Na kuma ƙi yarda cewa na binne magana. A jere na rubuta, yadda na tarar da su. Amma ban tambaya ba, wannan gaskiya ne. Na ga abu a lanƙwashe, ban tsaya na ce me ya sa mai shi ya bar shi haka shekara da shekaru ba. Yatsan da na kama kuwa, tun shekaranjiya nake jin sa a tafin hannuna.

Jiya da safe ban buɗe wa kowa shago ba. Na cire nawa na mayar da nasa. Na ɗora ta a layin alli na ba da wuta, ta saki layin ta kama hagu, ta zagayo ta daki ƙafata. Wani mai Keke ya ce, “Oga, ka ɓata ta ke nan.” Na ce masa eh.

Na tarar da Kawu a ɗaki, fuska ga bango. Ya rame, Hephzibah, gara ki sani kafin ki zo. Mama Tagwai ta tare ƙofa ta ce, “Ka dawo da fitinar taka?” Na ce ke kika aiko ni. Da ƙyar muka fito da shi. Na ajiye rimot a cinyarsa, ya kawar da kai, hannun yana cikin zane. Na yi masa bayani, na ce laifin nawa ne, na canja ƙarfe. Ban san ko ya bi maganar ba. Bai dube ni ba.

Sai na ɗauki rimot ɗin na tuƙa da kaina a gabansa. Ban yi da gangan ba, iyakar ƙoƙarina na yi. Ta ja hagu, na danna dama ya yi yawa, na saki ta koma hagu, ta zagaya ta kifar da bokitin wankin Mama Tagwai. Ta ce, “Kai dai ba a haife ka da tuƙi ba.” Na sake, ta shige ƙarƙashin benci. Ina durƙushe ina ciro ta na ji wani sauti daga bayana, irin tsakin da yake yi mana muna yara in mun yi shirme. Na waiga. Idonsa yana kan motar. Ya bi ta da kallo ta sake zagayawa hagu, ta sake. Sai hannun ya fito daga cikin zane, ya buɗe tafin, ya girgiza shi, wato miƙo nan.

Na ɗora masa. Yatsan ya tafi dama ya zauna inda ya zauna rannan. Wannan karon na kama bakina. Na ba da wuta.

Ta tafi sak, daga bakin ɗaki har ƙofar gida, ta bi tsakanin bokiti da murhu ba ta taɓa ko ɗaya ba. A bakin ƙofa ya juyo da ita ya dawo da ita gaban kujerarsa. Ya dube ni, ya buga mini gwiwa da rimot ɗin, na gane wutar ce ta yi masa kaɗan. Na ƙara. Muka yi ta yi har batir ya mutu. Mama Tagwai ta tsaya da kwanon tuwo ta rasa inda za ta ajiye, sai ya miƙa hannu ya jawo kwanon da kansa. Bai cinye ba, amma da hannunsa ya ci.

Motar tana gidansa yanzu, a kan teburin gefen gado, ba saman kabad ba. Ƙarfen da na yi da wayar keke na sa shi a gwangwanin da nasa ya fito. Na daɗe ina tunanin abin da zan rubuta a jiki. Na rubuta: “Miƙaƙƙe, ba nata ba.”

Saƙon muryarki ban goge ba tukuna, kuma ban ce na huce ba. Kayanki na zamani suna nan, ki zo ki kwashe abinki. Kada ki jira Oktoba, ki nemi hutu yanzu. Jiya duk lokacin da na ba da wuta sai ya waigo ya dubi wanda ke riƙe da sandar hagu, ya ga ni ne, ya mayar da kai. Ina jin ba daidai nake ba shi ba. Ke kika san awon.

Naki,
Ɗanladi